Ali Ahmad Bakasir, Almajirin Hadaramautu da Ya Hau Dandamalin Masar

Wannan fili namu na faɗakarwa yana zuwa muku ne daga birnin Alƙahira ta ƙasar Masar. Yau, in Allah ya yarda, za mu tattauna a kan wani bawan Allah wanda ya tashi a gaban malamai, ya sha nahawu da fiƙihu da aruli tun bai kai munzali ba, har kowa yana tsammanin alƙalanci zai gada ko limanci, amma Allah cikin hikimarsa ya juya alƙalaminsa zuwa ga sana'ar da malaman zamaninsa suke yi wa kallon wargi da ɓata lokaci, watau rubuta wasan kwaikwayo da labarin majigi. Sunansa Ali Ahmad Bakasir.

A unguwar da nake zaune, Hada'iƙul Ma'adi, wadda take kudancin birni, tsakanin Darus Salam da Ma'adi ta masu hali, idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, masu shaguna sukan kafa rumfuna a bakin titi su jera alewar Mauludi, ta riɗi da ta gyaɗa da ta kwakwa, tare da 'yar tsana cikin ado saboda 'yan mata, da doki mai mahayi saboda samari. A gidajen gahawa kuwa, inda dattawa suke buga domino, gaban kowa da kofin shayi baƙi ƙirin, ƙarar 'yan adaidaita sahu ba ta hana su jin juna, akwatin talabijin ɗin da ke rataye a kusurwa ba shi da aikin da ya wuce nuna tsofaffin finafinan addini. Biyu daga cikinsu da wuya shekara ta wuce ba a maimaita su ba, ko a Mauludi ko a sabuwar shekarar Hijira: ɗaya Asshaima'u, ɗaya kuma Wa Islamah. Za ka ga tsoho yana riga ɗan wasa faɗin abin da zai faɗa, don ya haddace. Duka biyun daga alƙalamin Bakasir suka samo asali. In ka tambayi mutanen wurin, waɗanda suka yi sakandare za su ce sun san shi, domin an daɗe ana karantar da littafin Wa Islamah a makarantun Masar, ana jarrabawa a kansa. Amma ƙalilan ne za su gaya maka cewa mutumin nan ya bar wasannin kwaikwayo fiye da 60, kuma a nan ne ya ƙarar da ƙarfinsa.

Ba Bamisire ba ne a asali. An haife shi a shekarar 1910 a Surabaya, cikin tsibirin Jawa na ƙasar da ake kira Indunusiya a yau, iyayensa kuwa Larabawan Hadaramautu ne ta kudancin Yaman, mutanen da fatauci ya watsa su a gaɓar tekun Indiya tun daga Mombasa har Singafo. Al'adarsu ce, kome nisan inda neman abinci ya kai mutum, idan ɗansa ya fara wayo ya mayar da shi gida, don harshensa ya miƙe a kan Larabci, ya kuma san addininsa a wurin ma'abotansa. Saboda haka yana da kimanin shekara 10 mahaifinsa ya kai shi garin Sai'un, aka sa shi a makarantar Annahadatul Ilmiyya, yana kuma ɗaukar karatu a zaure wurin baffansa, Shaihu Muhammadu bin Muhammadu Bakasir, wanda yake alƙali ne, masanin nahawu, kuma sha'iri. Yaro ya fara tsara baitoci tun yana ɗan shekara goma sha wani abu, bai kuwa cika 20 ba sai da aka danƙa masa karantarwa da shugabancin makarantar da ta yaye shi.

Da al'amura sun tafi yadda aka zata, da a nan tarihinsa zai tsaya, a ce malami ne na gari a wani kwari mai dabino. Sai Allah ya jarrabe shi da rasuwar matarsa tana da ƙuruciya, zaman garin ya gagare shi, ya fita a wajen 1932 ya nufi Adan, ya ƙetare zuwa Somaliya da Habasha, daga bisani ya yada zango a Hijaz. A can ne wasannin da Ahmad Shauƙi, sarkin mawaƙan Masar, ya tsara da waƙe suka faɗo hannunsa, ya ga abin da bai taɓa gani ba: ashe baiti yana iya fita daga bakin mutum guda mai yabo ko mai begen masoyi, ya zama zance tsakanin mutane biyu masu jayayya. Yana zaune a Ɗa'ifa ya rubuta wasansa na farko, Humam, a kan jahilci da camfi da tauye mata ilimi a ƙasarsu, alhali kuwa bai taɓa shiga gidan wasa ya ga an ɗaga labule ba. A 1934 ya iso Masar. To, a nan ne ya yi abin da ya ba mutane mamaki, domin maimakon ya nufi Azhar ko sashen Larabci, inda da ya yi fice ba da wata wahala ba, sai ya shiga sashen Ingilishi na jami'ar da ake kira Jami'ar Alƙahira a yanzu, ya gama a 1939, ya ƙara da shahadar koyarwa a 1940. Abin da yake da shi ya riga ya ishe shi. Abin da ba shi da shi ya je nema.

Akwai wani labari da shi da kansa ya bayar a cikin laccocin da ya yi daga baya game da fannin wasan kwaikwayo. Wata rana malaminsu, Baturen Ingila, yana bayani a kan irin waƙen da Shakisfiya yake rubuta wasanninsa da shi, wanda yake da kari amma ba shi da amsa-amo, sai ya ce wannan baiwa ce ta harshen Ingilishi, Larabci ba zai iya ɗaukarta ba. Ɗalibi ya yi musu, malami ya ƙwaɓe shi. Bakasir bai ƙara cewa uffan ba, ya koma masaukinsa ya ɗauki Romiyo da Juliyet ya juya shi zuwa Larabci a kan wannan tsari. Don masu sauraro su gane nauyin abin, sai mu tuna yadda ƙasidar Larabci take, wadda ita ce malamanmu suka bi a waƙoƙinsu na ajami: kowane baiti yana da tsawo ƙayyadadde, kowane baiti kuma tilas ya faɗa a kan harafi guda tun daga farko har ƙarshe. Wannan yana da daɗi a wa'azi da madahu, amma idan mutum biyu suna cacar baki a kan dandamali, ɗaya yana katse ɗaya, wani ya yi dogon zance wani ya amsa da kalma guda, sai ƙafiya ta zama dabaibayi, mawaƙi ya riƙa cusa kalmar da ma'ana ba ta nema ba don kawai harafi ya fito. Abin da Bakasir ya yi shi ne ya riƙe ƙafar kari guda daga cikin ma'aunan aruli yana maimaita ta, ya bar layi ya yi tsawo ko ya gajarta gwargwadon numfashin mai magana, ya kuma saki ƙafiya. Da ya ga hanya ta buɗe, sai ya ƙaga nasa wasan a kanta, Akhnatun da Nafartiti, aka buga shi a 1940 da gabatarwar babban marubuci Ibrahim Almazini: labarin Fir'aunan da ya yi kira ga bauta wa ubangiji guda, amma ya ƙi ɗaukar takobi don tsare daularsa, har ta wargaje yana kallo. Sai a 1947 Badar Shakir Assayyab da Nazik Almala'ika suka fito a Iraƙi da sabon salon waƙen da ya mamaye ƙasashen Larabawa, shi Assayyab kuwa bai ɓoye ba cewa Bakasir ya riga su taka wannan hanya.

Abincinsa dai koyarwa ce. Ya yi shekaru yana karantar da Ingilishi a Mansura, sa'an nan a Alƙahira, yana gyaran littattafan yara da rana, yana rubutu da dare. Ya auri Bamisiriya a 1943, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 1951. A waɗannan shekaru ne wata ƙungiyar samarin marubuta da Abdulhamid Jauda Assahhar ya kafa take buga littattafansa tare da na wani ma'aikacin gwamnati da ba a san shi ba tukuna, mai suna Najib Mahfuz, har su biyun suka riƙa raba kyaututtukan gasa a tsakaninsu.

Ƙofar majigi ta buɗe masa ne da ƙissar Sallama. Asalinta tana cikin Kitabul Agani na Abul Faraj Al'asfahani: wani mai ibada a Makka a zamanin Banu Umayya, Abdurrahman bin Abi Ammar, wanda tsananin zuhudunsa ya sa ake yi masa laƙabi da Alƙassu, ya ji muryar wata kuyanga mawaƙiya, sonta ya kama shi, ita ma nasa ya kama ta, ranar da suka kaɗaita ta bayyana masa abin da ke ranta, ba mai ganinsu sai Allah, sai ya tuna mata da ayar Suratuz Zukhrufi da take bayanin makomar masoya ranar alƙiyama, ya tashi ya fita yana kuka. Ƙarshenta aka sayar da ita ga fadar halifa Yazidu bin Abdulmalik. Bakasir ya mayar da wannan 'yar gajeriyar hikaya littafi, a 1945 kuma Togo Mizrahi ya mayar da littafin fim, Ummu Kulsum ta fito a matsayin Sallama, Yahaya Shahin a matsayin Abdurrahman. Ina roƙon masu shirya finafinanmu na Kano su dubi wannan da kyau. Marubucin bai ce soyayya babu ita ba, bai kuma mai da mai ibada dutse marar zuciya ba. Ya bar shi ya so, ya wahala, ya yi rauni, sa'an nan taƙawa ta rinjaya a daidai wurin da barinta ya fi sauƙi. Mai kallo yana fita da darasi ba tare da wani ya tsaya ya karanta masa shi ba.

Wa Islamah, wanda ya fito a 1945, shi ne ya fi yaɗa sunansa. Labarin Saifuddin Ƙuɗuz ne, wanda marubucin ya bi ruwayar da ta ce ɗan gidan sarautar Khuwarizmu ne, Tattar suka rushe daular kakanninsa, aka sayar da shi bawa tun yana yaro, yana fita daga hannu zuwa hannu har ya iso Masar, ya zama sarkinta a lokacin da Hulaku, jagoran Tattar, ya riga ya ƙone Bagadaza a 1258 ya kashe halifa. Sai ga bawan jiya ya tara runduna ya tari Tattar a Ainu Jalut ta ƙasar Falasɗinu cikin Ramalan na 1260, ya karya su, bai kuwa kai gida ya ci daɗin nasara ba, abokin yaƙinsa Baibaras ya kashe shi a hanya. Wanda ya hau jirgin ƙasa na cikin gari daga tasharmu ta Hada'iƙu ya nufi tsakiyar birni, tasha ta huɗu da zai tsaya ita ce Almalikus Salih, mai sunan sarkin nan na gidan Ayyuba da ya sayi bayi irin waɗannan ya zaunar da su a tsibirin Rauda da ke daura da wurin. Watau wani ɓangare na abin da yaran unguwar suke karantawa don jarrabawa, a bakin hanyarsu ya faru. An yi fim ɗin a 1961 da kuɗi masu yawa, aka ɗauko masu ba da umarni daga waje, Ahmad Mazhar ya fito a Ƙuɗuz, Rushdi Abaza a Baibaras, Lubna Abdul'aziz a matsayin 'yar'uwar Ƙuɗuz kuma masoyiyarsa, Tahiyya Kariyoka a sarauniya Shajaratud Durri. Wasu hannaye ne suka tsara shi don majigi, kuma wanda ya karanta littafin zai ga an rage tunani an ƙara dawaki da ƙarar takubba. Haka sha'anin yake: littafi na mai shi ne, fim kuwa na mai kuɗi ne da mai umarni da ɗan wasa, marubuci yana can ƙarshen sahu.

Amma in aka ce in zaɓi guda cikin ayyukansa, Ƙusar Juha zan ɗauka, wanda aka nuna a 1951. Hikayar tsohuwa ce a bakin Larabawa. Juha ya sayar da gidansa, ya yi sharaɗi guda, cewa akwai wata ƙusa a bango wadda ba ta cikin ciniki. Mai saye ya ga abin dariya ne ya yarda. Kashegari sai ga Juha ya zo duba lafiyar ƙusarsa, jibi ya zo daidai lokacin cin abinci, gata ya zo ya rataya mata abu mai wari, har zaman gidan ya gagari mai shi. Bakasir ya ɗauki wannan ya juya shi: ya mai da Juha alƙali a ƙasar da baƙi suka mamaye, ya sa shi ya ƙulla da wani ɗan'uwansa a yi irin wannan ciniki, a kawo ƙara gabansa, shi kuwa ya yi ta jan shari'ar, jama'a suna taruwa suna mamakin yadda za a ce mutum ya mallaki gida saboda ƙusa, har hakimin baƙin ya matsa a yanke hukunci a cire ta, sai ya ga da bakinsa ya yanke wa kansa. Ba wanda ya shiga gidan wasa a Alƙahira a wannan shekara da yake bukatar a fassara masa. Ingila ta ce ta ba Masar 'yanci, amma bisa yarjejeniyar 1936 ta bar sojojinta a bakin mashigin ruwa na Suwes. A watan Oktoba na 1951 gwamnatin Mustafa Annahas ta soke yarjejeniyar, samari suka shiga yaƙin sari-ka-noƙe a yankin, sojan Ingila na ƙarshe kuwa bai fita ba sai a Yunin 1956. An mai da wasan fim a 1952. Ga dariya, ga siyasa, ga fiƙihun ciniki da sharaɗi, duk a ƙunshe cikin ƙusa guda. Almajirin alƙali ne kaɗai zai hango wasa a cikin mas'alar sharaɗin da yake ɓata ciniki.

Ba wannan ne kaɗai karon da ya riga mutane hangen abu ba. Ya buga Sabon Shailok a kan Falasɗinu a 1945, shekara 3 kafin musibar da ta auka mata a 1948, ya kuma rubuta Audatul Firdaus a 1946 a kan gwagwarmayar 'yancin Indunusiya, ƙasar haihuwarsa.

A 1955 ya bar aji ya koma hukumar kula da fasaha, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, inda suka zauna ofis guda da Najib Mahfuz. Daga 1961 zuwa 1963 gwamnati ta sauke masa aiki tana biyansa don ya zauna ya yi rubutu, ya fito da wasa mai juzu'i 19 a kan halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda. Sai dai a daidai lokacin da ake ba shi lambobin girma, dandamali yana ta kuɓuce masa. Zamani ya juya: tun daga 1956, da Nu'uman Ashur ya fito da wasansa a kan talakawan da ke zaune a ƙasan bene, jama'a suka koma son ganin kansu, da harshen kasuwa da na gidan haya, masu ra'ayin gurguzu kuma suka yi rinjaye a gidajen wasa na gwamnati da shafukan jaridu. Bakasir ya tsaya a kan Larabcin fusaha ko a wasan ban dariya, yana kafa hujja da cewa shi ne harshen da mutumin Maroko da na Yaman za su fahimta baki ɗaya, kuma yakan buɗe wasanninsa da ayar Alƙur'ani. Masoyansa suna cewa da gangan aka toshe masa ƙofa saboda aƙidarsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma adalci ya sa mu ƙara da cewa wani laifin na alƙalaminsa ne, domin a wasu wasannin, musamman na siyasa, saƙo yakan yi wa labari nauyi, mutanen ciki su daina zama mutane su koma masu riƙe da allunan ra'ayi, mai gaskiya fari fat, azzalumi baƙi wuluk. Inda ya bar hikaya ta yi aikinta, kamar a Sallama da Juha, aikinsa yana nan da rai. Inda ya hau mumbari, ya tsufa tare da jaridun shekararsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira ranar 10 ga Nuwamba 1969, farkon Ramalan na 1389, aka binne shi a maƙabartar Imamu Shafi'i, kusa da limamin mazhabar da ya fara karatu a kanta a Sai'un. Fim ɗin Asshaima'u, labarin 'yar Halimatus Sa'adiyya, 'yar'uwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ta wajen shayarwa, bai fito ba sai a 1972, bai gan shi ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Mu ma ba baƙin wannan fanni ba ne. Muna da tashe tun kaka da kakanni. Malam Aminu Kano, ɗan gidan alƙalai kuma mai tafsiri, ya rubuta wasanni don gyaran al'umma. Shu'aibu Maƙarfi ya ba mu Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasa, ya kuma zama fim a hannun Adamu Halilu a 1976. Abin da ya yi mana ƙaranci a yau shi ne mai ilimin da zai zauna ya rubuta labarin da kansa, maimakon ya jira a gama fim ya fito ya yi tir da shi. Saboda haka kirana ga 'yan'uwa ɗalibai da ke karatu a Azhar da sauran jami'o'in Masar, waɗanda Allah ya ba su Larabci da Hausa gaba ɗaya: ranar da ba ku da darasi, ku sauka a tashar Ataba, ku bi rumfunan tsofaffin littattafai na Azbakiyya, daf da gidan wasa na ƙasa, ku tambayi littattafan Bakasir. Wanda ya samu Ƙusar Juha ya karanta, in ya ga zai iya, ya juya mana shi zuwa Hausa, a samu 'yan makaranta su buga shi a Zariya ko Maraɗi.